Gamba a Ostiraliya: wa ke biyan kuɗin binciken, me kuma ake sawa a kasafi?

Ɗan Giwa:

Assalamu alaikum. Malamai, tambayata kan gamba ce, wannan dai da ake saƙa zana da ita, ake kuma dasa ta a kan iyakar gona. Na ji cewa a arewacin Ostiraliya ta zame musu annoba, har gwamnati na zuba kuɗi a binciken yadda take sauya ƙasar kiwo da yadda take rura gobarar daji. Su wa ke biyan kuɗin irin wannan bincike, ta wace ƙofa kuma ake shiga? Idan mutum zai rubuta takardar neman tallafi don ya auna ƙasa da ciyayi da farfaɗowar fili bayan wuta, me da me ya kamata su shiga kasafin? Sannan tun da ciyawar tamu ce, akwai inda mai bincike daga nan zai sa ƙafa? Allah Ya saka da alheri.

Malam Na-Shika:

Wa alaikumus salam. Abin da ka ji haka yake, ko sunan ma ba su canza ba, gamba suke ce mata. A 1931 aka shigar da ita Northern Territory, wani yanki na arewacin Ostiraliya, don gwajin abincin shanu, kuma irin da ya fito daga Zariya na cikin waɗanda aka yi aiki da su a tashar bincike ta Katherine. A 1978 aka fitar da iri mai suna Kent aka ba masu garkunan shanu. Da shekarar 2008 ta zo, Northern Territory da Queensland da Yammacin Ostiraliya duk sun ayyana ta muguwar ciyawa. A 2009 gwamnatin tarayya ta sa ta cikin ciyayi biyar masu barazana ga dazuzzukan arewacin ƙasar, kuma ɗaya daga cikin sauran huɗun kyasuwa ce, ita ma tamu. A 2012 ta shiga jerin miyagun ciyayi na ƙasa baki ɗaya. Kuɗin gwamnati ne ya kai ta, kuɗin gwamnati ne yanzu ke bin ta da feshi. Ta zama ƙadangaren bakin tulu, don har yau akwai masu shanun da ke morar ta.

Dalilin tashin hankalinsu yana cikin nauyin ciyawar. Ciyayin ƙasar na asali sukan tara tan 2 zuwa 4 na busasshiyar ciyawa a hekta, in sun yi yawa tan 6. Gamba takan tara tan 11 zuwa 15, wani wurin har kusan 30, tsawonta kuma ya kai mita 4. Binciken da aka wallafa a 2003 ya nuna ƙarfin wutarta na iya ninka na ciyayin asali sau takwas. Wutar da a da take lashe ƙasa ta wuce, yanzu sai ta hau kan bishiyoyin turare ta cinye su.

Babbar ƙofar kuɗi ita ce shirin kimiyyar muhalli na gwamnatin tarayya, NESP. Zagayensa na farko, daga 2015 zuwa 2021, yana da cibiya ta musamman don arewacin ƙasar ƙarƙashin Jami'ar Charles Darwin, kuma a can aka yi da yawa daga aikin gamba na su Samantha Setterfield da Natalie Rossiter-Rachor. A zagaye na biyu aikin ya koma cibiyar da Jami'ar Yammacin Ostiraliya ke jagoranta. Shi wannan shiri ba ya biyan bincike don sha'awar ilimi kawai, sai ka nuna hukumar da za ta yi aiki da sakamakon, da sunanta a takardar.

Akwai kuma majalisar bincike ta ƙasa, ARC, da tsarinta na Linkage. Sharaɗinsa shi ne ka zo da abokin tarayya daga wajen jami'a, kamar hukumar gandun daji ko ta kashe gobara ko kamfani, ya sa gudummawar da ta kai abin da kake nema, wani kaso tsabar kuɗi, sauran kuma mota da lokacin ma'aikata da filin gwaji. A nan takardu da yawa ke mutuwa, don samun hukumar da za ta ce "muna goyon baya" abu ne mai sauƙi, samun wadda za ta sa hannu a kan kuɗi shi ne aiki.

Kada ka haɗa waɗannan da kuɗin yaƙi da ciyawar. Gwamnatin Northern Territory na raba maganin feshi kyauta tana ba da aron kayan feshi ga masu filaye, gwamnatin tarayya ma ta ware dalar Ostiraliya miliyan 9.8 a 2022 don gamba. Wannan kuɗin feshi ne da ma'aikata. Mai bincike mai wayo yakan maƙala aikinsa a jikinsu: su su fesa da kuɗinsu, shi ya auna kafin feshin da bayansa.

Abin da na lura ya fi buɗe aljihun masu ba da kuɗi shi ne lissafin asara. Wani bincike na 2013 a yankin Batchelor ya nuna kuɗin sha'anin kashe gobara ya ninka kusan sau tara saboda gamba. Binciken da aka yi da jirgi mai saukar ungulu a gandun Litchfield a 2021 da 2022 ya sami gamba a kimanin hekta 30,000, kusan kashi ɗaya cikin biyar na gandun. Ga kuma kasuwar kabon, inda ake biyan wanda ya rage hayaƙin da ke ɗumama duniya: al'ummomin asali na ƙasar na samun kuɗi ta hanyar ƙona daji da wuri, kafin 1 ga Agusta, don rage hayaƙin gobarar ƙarshen rani, amma ƙa'idar ta ce duk inda gamba ta shiga sai a cire shi daga lissafi. Sakin layin farko na takardarka ya fito da irin wannan. Bayanin naitirojin, wato sinadarin da tsirrai ke ci daga ƙasa, ya biyo baya.

Mai Awon Ƙasa:

Malam ya gama da ƙofofi, bari in ɗauki ɓangaren ƙasa, don nan ne ake yawan rubuta layi ɗaya a kasafi, "gwajin ƙasa", a sa adadin da aka ga dama, kuɗin ya ƙare a shekara ta biyu.

Ɗan'uwa, ka fara sanin me kake nema. Abin da aka gano a can shi ne gamba ta fi son naitirojin a siffar amoniyam, tana kuma rage juyewarsa zuwa naitiret a kewayen saiwarta.  Da wuta ta ci, naitirojin da ke tashi cikin hayaƙi ya kai kusan ninki biyu na filin da ba gamba. Don haka amoniyam da naitiret da danshin ƙasa su ne ke motsi cikin shekara uku. Jimillar kabon na ƙasa ba ya sauyawa da saurin da za ka iya kama shi a wannan lokaci. Kada ka yi alkawarinsa a takarda. Ka dai busar da samfuri a inuwa ka adana a kwalba mai lamba don wanda zai zo bayan shekara goma.

Tsarin fili: biyu-biyu, ɗaya mai gamba, ɗaya marar gamba, a ƙasa iri ɗaya da gangara iri ɗaya, kowanne mita 50 sau 50. Aƙalla tagwaye biyar a wurare daban-daban masu nisa da juna. Wanda ya ɗebi samfuri hamsin daga fili ɗaya mai gamba da hamsin daga fili ɗaya marar gamba, fili biyu kawai ya kwatanta, ba ɗari ba, kuma masu tantance takardu sun san wannan dabara sarai.

A kowane fili a haƙa rami goma da bututun ɗibar ƙasa, a raba zurfi biyu, santimita 0 zuwa 10 da 10 zuwa 30, a gauraye goman su zama samfuri ɗaya ga kowane zurfi. Yanzu yi lissafi: fili 10, zurfi 2, ɗiba 4 a shekara, shekara 3, samfuri 240 ke nan. Ƙara kashi goma cikin ɗari na maimaici da na kwalbar da ba komai a ciki don duba tsabtar ɗakin gwaji, 264. Wannan adadin za ka ninka da farashin da ɗakin gwajin ya ba ka a rubuce, ba wanda aka gaya maka a waya ba.

Inda abin ke lalacewa shi ne tsakanin fili da ɗakin gwaji. Ƙasar da za a auna wa amoniyam da naitiret tana da rai. In ta kwana a bayan mota cikin zafi, ƙwayoyin halittar ciki na ci gaba da aikinsu, abin da za ka auna ya zama na cikin leda, ba na fili ba. Sai kula da ƙanƙara, a riƙe ta wajen digiri 4, a tace cikin kwana ɗaya, in an matsa biyu. Giram 10 na ƙasa a mililita 100 na ruwan gishirin KCl (fotasiyam kuloraid) mai ƙarfin mola 2, a girgiza awa ɗaya, a tace, a daskarar da ruwan in ba a ranar za a auna ba. Wani kason ƙasar a busar a digiri 105 na awa 24 don sanin danshi. Kula da ƙanƙara da takardar tacewa da janareta su sami layinsu a kasafi. Ba su da tsada, amma rashinsu na zubar da aikin wata guda.

Abu biyu da ake mantawa. Zoben auna nauyin ƙasa a kan girma: in ba ka da wannan adadi, ba yadda za ka mai da sakamakonka zuwa kilo a hekta, kuma da kilo a hekta manajan fili ke magana. Na biyu tsakuwa. Yawancin ƙasar kewayen Darwin, babban birnin Northern Territory, mai tsakuwar marmara ce, sai an tankaɗe da rariya mai milimita 2 an auna nauyin tsakuwar an cire, in ba haka ba za ka ba filin abincin da ba shi da shi.

Lokacin ɗiba kuma a ɗaure shi da yanayi, ba da kalandar ofis ba. Daminarsu daga Nuwamba ne zuwa Afrilu, ranin daga Mayu zuwa Oktoba. Ruwan farko na tayar da naitiret na ɗan lokaci, in ka makara da mako biyu ka rasa shi. A tsakiyar damina hanyoyi kan yanke, don haka ko ka zaɓi filayen da ke kusa da kwalta, ko ka sa kuɗin babur mai ƙafa huɗu.

Baban Ummi:

Malama, Allah Ya ƙara basira. Sai dai ni da za a matse ni, zan rage ɗibar ƙasa zuwa uku a shekara in kai kuɗin wajen wuta da bishiyoyi, don su ne ke amsa tambayar farfaɗowa.

Awon makamashi tukuna, wato ciyawa da ganyen da wuta za ta ci. Ana yanke duk abin da ke cikin murabba'in mita ɗaya, ciyawa daban, busassun ganyen da suka zuba daban, a busar a digiri 70 zuwa 80 har nauyin ya daina sauka, yawanci kwana biyu. Kilo 1 a murabba'in mita daidai yake da tan 10 a hekta. Amma gamba tushe-tushe take fitowa, wani murabba'in ya faɗa kan gindi mai faɗin rabin mita, na kusa da shi ya faɗa kan ƙasa tsirara. Murabba'i biyar ba su isa ba, a yi goma zuwa goma sha biyar, ko a faɗaɗa shi zuwa mita 2 sau 1. Ka tuna na'urar busarwa ɗaya ba za ta ɗauki buhu ɗari da hamsin na gamba a mako ɗaya ba. A auna ɗanyen nauyin a fili da sikelin rataye, a kai ɗan kaso kawai ɗakin gwaji.

Ƙarfin wuta da lissafin Byram ake fitar da shi: zafin makamashi, wanda ake ɗauka wajen kilojul 20,000 a kilo, sau nauyin da ya ƙone a murabba'in mita, sau gudun wutar a mita cikin daƙiƙa. A misali, kilo 0.4 da gudun mita 0.3 zai ba ka kilowat 2,400 a kowace mitar bakin wuta. Kilo 1.2 da gudun mita 0.5 zai ba ka 12,000. Gudun ne mai wuyar samu. Ana binne na'urorin da ke rubuta lokacin da zafi ya iso, aƙalla uku a siffar murhu, ba a jere ba, don iska na juya bakin wutar. A sayi fiye da abin da ake buƙata, wasu za su ƙone. Kuma kada a tsayar da ɗalibi da agogo a gefen wutar gamba yadda ake yi da gajeriyar ciyawa. Garwashinta na tsallakawa gaba ya kunna wani wuri.

Wani halinta da ke rikita jadawali: tana jinkirin bushewa. Lokacin da ciyayin asali suka bushe a farkon rani, ita da sauran ɗanyenta. In ka kunna a Mayu wutar ta tsallake wasu tushen, su bushe daga baya, filin ya sake ci a Satumba. Takardar da ta ce "za mu ƙona sau ɗaya a shekara" ta bar wa gobara ta biyu ƙofa, sai an sa kuɗin share hanyar tare wuta kewaye da kowane fili, a kuma sake share ta kowace shekara.

Bishiyoyi: a auna kaurin kowace a tsayin mita 1.3, a buga mata lamba ta ƙarfe. Ta roba narkewa take yi, ta alminiyam ma ba ta da tabbas, don a digiri 660 yake narkewa. Kada a rubuta bishiya ta mutu sai an ga bayan damina mai zuwa, don turare kan yi toho daga ƙarƙashin ɓawo ko daga gindi bayan kowa ya fid da rai. A rarrabe wadda ta tsiro daga sama da wadda sama ya mutu ta koma gindi, don ta biyun wuta mai zuwa za ta same ta ƙarama.

Ga inda gizo ke saƙar: raguwar inuwar bishiyoyi da rabi da aka gani a yankin Darwin ta ɗauki kimanin shekara 12. Tallafi kuwa shekara uku ne, in an yi sa'a biyar. Mafita biyu ce. Ko ka tsawaita bincikenka baya da tsofaffin hotunan jirgin sama da na tauraron ɗan Adam na Landsat, waɗanda kyauta ne tun 2008, da taswirar ƙuna ta NAFI, shafin da ke nuna inda wuta ta ci a arewacin Ostiraliya, ko ka ɗora aikinka kan filayen da wasu suka daɗe suna kula da su, kamar gwajin ƙuna na Territory Wildlife Park da aka fara a 2004 da fili 18 masu hekta ɗaiɗai. Turakun ƙarfe a kusurwoyi da lambobin GPS da ajiye bayanan a rumbun da kowa zai samu su ne ke sa mai neman tallafi na gaba ya ci gajiyar naka.

In feshi na cikin gwajin: maganin kashe ciyawa na gilaifoset mai giram 360 a lita, mililita 10 a litar ruwa, lokacin da ciyawar ke tsiro da ƙarfi, kafin ta yi fure a Afrilu. Ruwan ya zama mai tsabta, laka na kama maganin ta kashe ƙarfinsa. Irin gamba ba ya daɗewa a ƙasa, mafi yawansa ya mutu cikin shekara, shi ya sa bibiya ta shekara biyu zuwa uku ke aiki, feshi ɗaya kuwa aikin baban giwa ne. A kuma ƙidaya abin da ya maye gurbinta, don sau da yawa kyasuwa ce ke shigowa, ba ciyawar asali ba. Wankin mota da takalma bayan kowane fili shi ma ya shiga kasafi, kada mai bincike ya zama mai shuka.

Sai takardun izini. Kusan rabin Northern Territory ƙasar al'ummomin asali ce bisa dokar 1976, shiga sai da izini ta hannun majalisar filayensu, masu gadin dajinsu kuma biyansu ake yi a matsayin abokan aiki. Ƙuna ma da izininta. Shekarar kuɗin ƙasar daga 1 ga Yuli take farawa, tsakiyar lokacin wuta ke nan. Kuɗin da ya sauka a Yuli ya riga ya rasa awon Afrilu da Mayu na kafin ƙuna, saboda haka ka rubuta wata shida na farko a matsayin na izini da zaɓen fili da sayen kaya, kada ka yi alkawarin sakamako a cikinsu.

Ɗan Giwa:

Madalla, na ƙaru ƙwarai. Saura ta ƙarshen, malamai. Daga nan gida fa?

Malam Na-Shika:

Akwai wuri, amma ba inda mutane ke zato ba. Mafi yawan kuɗin da na ambata ta hannun jami'o'in Ostiraliya yake bi, kai abokin tarayya za ka zama. Abin da kake da shi da ba su da shi kuwa shi ne gamba a gidanta. Me ya sa a nan ba ta tara tan 15 ta cinye bishiyoyi? Har ma a wurare da dama nemanta ake yi, sai an dasa. Amsar da kowa zai ba ka ita ce ana yanka ta don zana, shanu na cin tohonta, gona ta ci filin. Amsa ce mai ma'ana, amma wane kaso na yanka ne, wane na kiwo, wane na ƙwari da cututtukan da ta baro a nan? Wannan tambaya na da masu saye har a Kudancin Amurka, don irin gamba mai lamba CIAT 621 da aka ɗauka daga Shika, kusa da Zariya, a 1973 shi aka saki a Kolombiya da Brazil a 1980, kuma a dajin Cerrado na Brazil ita ma ta fara zama matsala.

Gwajin ba mai tsada ba ne: fili mai shinge da ba a taɓa shi, fili da ake yanka da kaka yadda masu zana ke yi, fili da ake kiwo, fili da ake kiwo ana kuma yanka. Kowanne a raba biyu, rabi a ƙona a Nuwamba, rabi a Fabrairu ko Maris. Awon ya zama daidai da wanda Malama da Baban Ummi suka zayyana, zurfi iri ɗaya, murabba'i iri ɗaya, don alƙaluman su zauna kusa da na can. Layin da ya fi kowanne muhimmanci a nan shi ne waya da mai gadi, da zama da mai unguwa da arɗo tun kafin a kafa turke. Filin da gamba ta yi shekara biyu ba a taɓa ta ba, a tsakiyar rani, kowa a yankin ya san inda yake.

Malamin jami'a a Najeriya ƙofarsa asusun bincike na ƙasa na TETFund, da NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Shika, a matsayin abokiyar aiki. ACReSAL, shirin dala miliyan 700 na Bankin Duniya da aka amince da shi a Disamba 2021 don jihohin arewa 19 da Abuja, na gyaran ƙasa ne ba na bincike ba, amma yana buƙatar masu awon abin da ya farfaɗo. A Nijar akwai INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasar, da PRAPS, shirin tallafa wa makiyayan Sahel, wanda Najeriya ba ta ciki. In kasafin da naira ne, duk kayan da ake shigowa da su a saye su da kason farko.

Kada ka gina takardar kan neman ƙwaron da zai kashe wa Ostiraliya gamba. Dangin dawa da masara da rake ce, Queensland kuma ƙasar rake ce, gwajin tabbatar da cewa ƙwaron ba zai koma kan amfanin gona ba zai ci shekaru, ga izinin fitar da halittu a ƙarƙashin yarjejeniyar Nagoya.

Mai Awon Ƙasa:

Ƙari ɗaya, ɗan'uwa: kada ka sa kuɗin aika samfurin ƙasa zuwa Ostiraliya don gwaji. Shigar da ƙasa can sai da izini na musamman, sau da yawa kuma sai an haska mata hasken da ke kashe duk mai rai a ciki, ga kwanakin hanya, amoniyam da naitiret ɗinka sun tashi aiki. A tace a nan, a auna a nan. Don a tabbatar ɗakunan gwajin biyu na magana da murya ɗaya, ku sayi ruwan ma'auni iri ɗaya, kowane ɗaki ya auna shi a farkon kowane zagaye, a rubuta sakamakon a shafi ɗaya da na samfurin.